Yadda ake magana a kan ƙofa da Turanci, daga ƙwanƙwasawa har zuwa kullewa

Mutum kan shafe shekaru yana karatun Turanci, ya san ma'anar manya-manyan kalmomin siyasa da na kimiyya, amma ranar da mabuɗi ya karye masa a cikin makulli, ko ƙofar ɗakin otal ta rufe shi a waje, sai ka ga bakinsa ya mutu. Ba rashin ƙoƙari ba ne. Littafin koyo yakan ba ka "door", ya ƙara maka da "open" da "close", ya ɗauka an gama. Alhali ƙofa tana cikin abubuwan da hannunka ya fi taɓawa a yini, kuma kusan duk motsin da za ka yi da ita Turanci ya ware masa kalmarsa.

Abin da na lura da shi, sunayen sassan ƙofa ba su ne ke kayar da mai koyo ba. Waɗannan hadda ce, kwana biyu ta zauna. Wurin tuntuɓe shi ne 'yan ƙananan kalmomin nan irin su "on" da "at" da "to", waɗanda guda ɗaya daga cikinsu kan juya magana daga girmamawa zuwa kora. Zan bi da kai mataki-mataki, amma a can zan fi daɗewa.

Mataki na 1: Rarraba kalmar ƙofa

A Hausa kalma ɗaya ce ke ɗauke da kaya masu yawa. Kafar da aka bari a jikin bango ƙofa ce, ƙyauren da ke rufe ta ƙofa ne, mashigar gari ma ƙofa ce. Turanci ya raba musu gado.

"Door" shi ne ƙyauren kansa, abin da ake turawa ko a ja. "Doorway" ita ce kafar, ko da ƙyaure ko babu. Idan aka ce "He is standing in the doorway", mutum yana tsaye ne a tsakiyar ƙofa, ƙila ma ya tare hanya. "Gate" kuwa ta katanga ce ko shinge, wadda ke fili, kuma mun riga mun are ta muna cewa get. A filin jirgin sama ma "gate" ake kiran wurin da fasinjoji ke jira su shiga jirginsu, kowace da lambarta. Sai "entrance" da "exit", wato mashiga da mafita. Su aikin wurin suke nunawa, ba ruwansu da ko katako ne ko ƙarfe.

Ga wani tarko da ke kama mai tunani da Hausa. Mukan ce murfin mota, murfin firji, murfin kabad. Duk waɗannan "door" ne a Turanci: "car door", "fridge door", "cupboard door". Kalmar "lid" ta murfin tukunya ce da na akwati, wanda ake ɗagawa sama.

Mataki na 2: Tsaya gaban ƙofarka ka kira kowane sashe da sunansa

Kada ka haddace waɗannan a zaune. Tashi ka je gaban ƙofar ɗakinka, abin da ka ambata ka ɗora masa hannu.

Katako ko ƙarfen da ya kewaye kafar, wanda ƙyaure ke rataye a jikinsa, shi ne "frame". Ƙarafan nan biyu ko uku da suka haɗa ƙyaure da shi, waɗanda ƙofa ke juyawa a kansu, "hinges" ne, guda ɗaya "hinge". Ƙasa, inda kake tsallakewa, wato dokin ƙofa, shi ne "threshold". Dandamalin da ke waje gaban ƙofar gida "doorstep" ne, abin goge ƙafa da ake shimfiɗawa a kai kuma "doormat". Akwai "jamb", wato kowane ɗaya daga cikin gefuna biyu na tsaye, da "lintel", abin da aka gicciya a sama yana ɗauke da nauyin bango. Waɗannan biyun in ba gini ko kafinta ne aikinka ba, ka dai gane su in ka ji. Mai Turanci ma yakan yi wata bai furta su ba.

Mariƙi iri biyu ne. Dogon da ake dannawa ƙasa "handle" ne. Dunƙulallen da ake murɗawa "knob" ne, ko "doorknob". In ka rikice ka ce "handle", kowa zai gane.

Yanzu buɗe ƙofar ka dubi gefen ƙyauren. Za ka ga ɗan harshen ƙarfe mai shigewa ciki idan ka danna mariƙi, ya leƙo idan ka saki. Sunansa "latch". Shi ke riƙe ƙofa a rufe ba tare da an kulle ba, shi ne kuma ke cewa ƙas idan ka karo ta. Ƙasa da shi sau da yawa akwai wani harshen mai kauri wanda ba ya motsi sai an murɗa mabuɗi. Wannan "deadbolt" ne.

A nan sai ka kula, domin da yawanmu kan ce makulli ga abin da ke jikin ƙofa, mu kuma ce makulli ga wanda ke aljihu. A Turanci ba sa haɗuwa ko kusa. Na jikin ƙofa "lock", na aljihu "key", ramin da ake zura shi "keyhole". Kwaɗo "padlock" ne, sakata "bolt", 'yar sarƙar da ke bari a buɗe ƙofa kaɗan a leƙa "door chain". Ɗan ramin gilashi da ake hango mai ƙwanƙwasawa ta ciki "peephole". Ƙararrawa "doorbell". Abin da ake tokare ƙofa da shi don kada ta rufe ko ta bugi bango "doorstop". Tarin mabuɗai a zobe ɗaya "a bunch of keys", na ajiya "spare key", katin buɗe ɗakin otal "key card".

A Ingila za ka ji ana cewa "Yale lock". Sunan mutum ne, Linus Yale ƙarami, Ba'amurken da ya yi rajistar ƙirarsa a 1861 da 1865. Irin makullin nan ne mai ɗan siririn mabuɗi mai haƙora a gefe. Sunan ya bi ƙirar har mutane kan kira irinsa haka ko wani kamfani ne ya ƙera.

Mataki na 3: Gyara furuci tun kafin ya zauna a baki

Kalmomin ƙofa cike suke da haruffan da ake rubutawa ba a furtawa. "Knock" nok ake cewa, "knob" kuma nob. Turawan da can suna furta wannan k ɗin, wajen ƙarni na 17 ya faɗi daga baki, rubutu ya ci gaba da riƙonsa. "Jamb" jam ne kawai, an aro shi daga kalmar Faransanci mai nufin ƙafa, ka ga ƙofa ma a kan ƙafafu biyu take tsaye. "Door" kanta kada o biyun nan su ruɗe ka ka ce duu. Amonta ɗaya da "floor" da "more". Ba'amurke zai fito da r ta ƙarshe, mafi yawan mutanen Ingila za su haɗiye ta.

Babban aikin mai jin Hausa shi ne p. "Pull" ja ne, "full" cikakke. Ɗauki 'yar takarda ka riƙe gaban bakinka, ka haɗa leɓɓanka gam, ka sake su da iska. In takardar ta yi tsalle ka furta p. A wajen f kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Yi ta maimaita "push" da "pull" da "padlock" da "peephole" har su saba. Sannan kada ka ja wasalin "pull", in ka ja shi ya zama "pool", wurin ninƙaya. Haka "lock" da "luck" da "look" uku ne daban-daban, "shut" da "shot" ma haka. Nemi ƙamus mai murya a intanet ka saurari kowace sau da yawa, domin rubutu ba zai iya nuna maka bambancin ba.

Ɗaya ta rage, kuma za ta dawo mana nan gaba. "Close" mai nufin rufe da z take ƙarewa, kloz. "Close" mai nufin kusa da s take ƙarewa, klos. Rubutu ɗaya, kalmomi biyu.

Mataki na 4: Kalmomin aiki

"Close" da "shut" duk rufewa ne. Bambancinsu na lafazi ne: "shut" ta fi kaushi. "Shut the door!" haka gayanta kamar tsawa ce, "Could you close the door, please?" kuwa roƙo ne. "Shut" ba ta canza siffa: "I shut it now", "I shut it yesterday", "I have shut it". Babu "shutted".

Rufewa daban, kullewa daban. A Hausa in ka ce ka rufe shago, kowa ya san har da kwaɗo. A Turanci in aka tambaye ka "Did you lock the door?" ka amsa da "I closed it", ka faɗa wa mai tambaya cewa ba ka kulle ba ke nan. "Lock" kulle, "unlock" buɗe makulli, "bolt the door" sa sakata. "Lock up" shi ne bin ƙofofin gida ko ofis duka a garƙame kafin a tafi ko a kwanta.

Tsakanin buɗe da rufe akwai matakai. "Ajar" ƙofa ce da aka bari da 'yar kafa: "Leave the door ajar". "Wide open" a wangale. "Pull the door to", wadda aka fi ji a Ingila, ita ce karo ƙofa ba tare da ta kama ba. "Prop the door open" tokare ta da wani abu don ta tsaya a buɗe. "Slam" bugo ƙofa ne da ƙarfi, ko don fushi ko iska ce ta yi: "The door slammed shut". Wanda aka rufe wa ƙofa a fuska zai ce "She slammed the door in my face". Ɓalle ƙofa kuwa "force the door" ne ko "break the door down".

Ga kuskuren da na fi ji, har a bakin masu digiri. Ƙofa a buɗe take: "The door is open", babu "-ed". Ƙofa a rufe take: "The door is closed", da "-ed". Ka ga ba su yi daidai da juna ba, kuma dalilin ke nan ake rikicewa. "Open" tana aiki a matsayin sifa yadda take. "Close" kuwa in ka bar ta ba wutsiya ta koma waccan mai nufin kusa, don haka "The door is close" cewa ka yi ƙofar tana kusa. "Opened" sai in kana ba da labarin aikin: "The door was opened at eight", an buɗe ta da ƙarfe takwas.

Mataki na 5: Ƙananan kalmomin da ke juya magana

Fara da ƙwanƙwasawa. Hausa ta ce ƙwanƙwasa ƙofa kai tsaye, shi ya sa baki ke saurin cewa "knock the door". Daidai shi ne "knock on the door" ko "knock at the door", duka biyun sun yi. In ka cire ƙaramar kalmar, mai sauraro zai ji kamar bangazar ƙofar aka yi, in kuwa ka ƙara "down" a ƙarshe, "knock the door down", to kayar da ita ƙasa ka yi. Ƙararrawa ita ba ta buƙatar komai: "ring the bell".

Sai wurin da mutum ko abu yake. "There's someone at the door" na nufin wani ya zo yana jiran a buɗe masa. "By the door" kusa da ƙofa ne kawai, kamar takalmi ko kujera, ba jiran kowa ake ba. "Behind the door" bayan ƙyaure, a lungun nan da ke ɓuya idan an buɗe. "On the door" abin da ke manne a jikinta, kamar sanarwa ko lamba. "In the doorway" mun riga mun gan ta. Wucewa kuwa "through the door" ne. Wajen fita, ɗan Ingila ya fi cewa "out of the door", Ba'amurke ya ce "out the door".

Mabuɗin ƙofa "the key to the door" ne, ko a gajarce "the door key". Hausa za ta ja ka zuwa "of", ka ƙi. Haka ƙofar da ke kai mutum wani ɗaki: "the door to the kitchen" ko "the kitchen door". Mabuɗi kuma a cikin makulli yake, "in the lock". Kalmar "enter" ba ta son rakiya: "enter the room", ban da "into". In kana son "into" sai ka ce "go into the room" ko "come into the room".

Idan aka ce maka "Close the door behind you", ba ana nufin wata ƙofa da ke bayanka ba ce. Wadda ka bi yanzu ita ake so ka jawo.

Yanzu "in" da "out". "Let him in" bar shi ya shigo, ko buɗe masa. "Let the cat out" buɗe wa kyanwa ta fita. "Lock in" kulle mutum a ciki, "lock out" kulle shi a waje. Jumlar da ya kamata duk matafiyi ya riƙe ita ce "I've locked myself out", wato ƙofa ta kulle, mabuɗina na ciki, ni ina waje. A otal sai ka ƙara "of my room".

Ga wadda na yi maka alkawari tun farko. "Show him to the door" na nufin raka shi bakin ƙofa, karramawa ce ga baƙo. "Show him the door" na nufin kore shi, har korar aiki ma haka ake faɗinta. Harafi biyu ne tsakani. Na sha jin mai kyakkyawar niyya ya yar da "to" ɗin nan a gaban baƙonsa, mai harshen ya yi murmushi ya kau da kai. In kana tsoron zamewar baki, ka kama "I'll see you out" ko "Let me walk you to the door", ba su da wani tarko.

Ɗaya kuma da kan ba mai jin Hausa dariya a karon farko: Turawa amsa ƙofa suke yi, kamar yadda ake amsa waya. "Answer the door" shi ne ka je ka ga wanda ya ƙwanƙwasa. A cikin gida an fi cewa "Can you get the door?", amsar kuma "I'll get it". Ba cewa aka yi ka ciro ƙyauren ka kawo ba.

Mataki na 6: Abin da ake faɗa a bakin ƙofa

Kana ciki aka ƙwanƙwasa. Tambayar ita ce "Who is it?" ko "Who's there?" Kada ka ce "Who are you?", domin wannan kamar tuhuma take, irin ta wane ne kai da za ka zo nan. Wanda ke waje zai amsa da "It's me", ko "It's" ya ɗora sunansa. "I am" a nan ba ta zauna ba. In hannunka na cikin wani aiki ka ce "Just a minute" ko "Coming!" In ƙofar ba a kulle take ba, "Come in, it's open".

Kai ne a waje, a ofis misali: ƙwanƙwasa, ka jira, sannan "May I come in?" A manyan gidaje masu hawa inda ake buɗe ƙofar ƙasa daga sama da maɓalli, abin faɗi ta na'urar magana shi ne "Can you buzz me in?"

Kun iso ƙofa tare da wani, kana so ya fara wucewa: "After you", ko "Go ahead". Kana sauri ƙofar lif za ta rufe: "Hold the door, please". Ka gama ziyara ba ka so mai gida ya tashi: "I'll see myself out" ko "I'll let myself out". Mai kawo saƙo ya kira ba ka nan: "Please leave it at the door".

Mataki na 7: Karanta abin da aka rubuta a jikin ƙofa

Ba a ba ka lokacin buɗe ƙamus a gaban ƙofa, mutane na bayanka. "Push" tura, "Pull" ja, "Slide" zuge gefe. "Use other door" bi ɗayar. "No entry" da "No admittance" ba a shiga. "Staff only" da "Authorized personnel only" sai ma'aikata ko masu izini. "Private" ma hani ne cikin ladabi. "Keep clear" kada a tare gaban nan. A Ingila sau da yawa za ka ga "Way out" a inda Amurka ke rubuta "Exit". A ƙofar bayi "Vacant" ba kowa, "Engaged" ko "Occupied" da mutum a ciki, "Engaged" ta Ingila ce, "Occupied" ita ce a Amurka da cikin jirgin sama. "Do not disturb" katin da kake ratayawa ne in ba ka son a dame ka.

Kalmar "mind" a irin wannan wuri ba hankali ko zuciya take nufi ba, kula take nufi. "Mind the step" kula da matakala, "Mind your head" kula da kanka, ƙofar gajeriya ce. Amurkawa "watch" suke sawa: "Watch your step". A jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan za ka ji "Mind the gap", wato kula da tazarar da ke tsakanin jirgi da dandamali. A na New York kuwa "Stand clear of the closing doors, please", a matsa daga ƙofofi, za su rufe.

Waɗanda ba a wasa da su su ne "Fire exit" da "Emergency exit", mafitar gaggawa, da "Fire door keep shut", ƙofa mai kauri da aka yi don tsare wuta da hayaƙi, wadda tokare ta a buɗe ɓata amfaninta ne. A jikin mafitar gaggawa za ka ga sandar ƙarfe a gicciye da rubutun "Push bar to open". Tura sandar kawai za ka yi. Tana da tarihi mai ɗaci. A watan Yunin 1883, a zauren Victoria Hall da ke Sunderland a Ingila, yara sun rugo daga bene don karɓar kyaututtuka, suka tarar da ƙofa mai buɗewa ta ciki an sa mata sakata, an bar kafar da yaro ɗaya kaɗai zai iya wucewa. Yara 183 suka rasu a turmutsitsin. Bayan wannan ne aka matsa cewa ƙofofin fita na wuraren taro su riƙa buɗewa waje, aka kuma ƙirƙiro sandar da nauyin jiki kaɗai ke buɗe ta. Ana kiranta "panic bar" ko "crash bar".

Mataki na 8: Bayyana matsala ga mai gyara

A nan Hausa da Turanci sun yi tunani iri ɗaya, abin da ba kasafai ake samu ba. Mukan ce ƙofa ta ƙi buɗuwa, kamar mai rai. Su ma haka: "The door won't open", "It won't shut", "The key won't turn". "Won't" ɗin nan ƙi ne, ba maganar gobe ake ba. Riƙe wannan ginin jumla, zai fitar da kai a wurare da yawa.

Ƙofa ta cije: "It's stuck" ko "It's jammed". In kullum sai an sa ƙarfi: "It sticks". Tana kuka idan an buɗe: "It creaks" ko "The hinges squeak". Mariƙi ya yi sako-sako: "The handle is loose". Ƙyaure ya cire ɗungurungum: "It has come off its hinges". Katako ya kumbura saboda damshi "swollen", ya karkace "warped". Mabuɗi ya karye a ciki: "The key snapped in the lock".

Mai gyaran makulli "locksmith" ne, kafinta "carpenter". Sauya makullai "change the locks". Yanko sabon mabuɗi "get a key cut" a Ingila, "get a copy made" a Amurka. In sayen ƙyaure ne, awo uku za a tambaye ka: "height" tsayi, "width" faɗi, "thickness" kauri. Ƙofar ɗaki da aka fi samu a Ingila milimita 1981 ce a tsayi da 762 a faɗi, a Amurka kuwa tsayin da aka saba inci 80 ne.

Mataki na 9: Ire-iren ƙofofi

Yawancinsu sunan ya faɗi kansa: "front door" ta gaba, "back door" ta baya, "side door" ta gefe, "double doors" mai ƙyaure biyu, "sliding door" mai zugewa, "folding door" mai naɗewa, "trapdoor" ta ƙasan ɗaki ko ta rufi. "French doors" masu gilashi ne daga sama har ƙasa. Mai rabi biyu, sama da ƙasa, kowane na buɗewa shi kaɗai, "stable door" ce a Ingila, "Dutch door" a Amurka. Mai juyawa kamar fanka a mashigar manyan gine-gine "revolving door" ce, wadda Theophilus Van Kannel ya yi wa rajista a Amurka a 1888.

Mataki na 10: Inda ƙofa ba ƙofa ba ce

Waɗannan su za ka fi cin karo da su a jarida. "Behind closed doors" a asirce, irin ganawar da ba a bar 'yan jarida sun shiga ba. A ƙwallon ƙafa kuwa wasa ne ba 'yan kallo, kamar yadda aka yi ta yi a 2020 lokacin annobar korona. "Through the back door" ta ɓarauniyar hanya. "Get a foot in the door" samun 'yar kafar farko a wurin aiki ko kasuwanci. "Open doors" buɗe wa mutum hanyoyin ci gaba, "close the door on" yanke duk wata dama, "leave the door open" barin wurin sake magana. "Lay it at his door" ɗora masa laifi. "At death's door" rai kwakwai mutu kwakwai. "Next door" maƙwabta, kuma ba a sa mata "at": "She lives next door". "Door to door" gida-gida. "Indoors" da "outdoors" cikin gini da waje. In aka kira mutum "doormat", wanda kowa ke takawa ne ba ya cewa uffan. "Revolving door" kuma ana faɗinta ga wurin da ma'aikata ke shiga suna fita ba sa daɗewa.

Wadda ta fi burge ni ita ce "shutting the stable door after the horse has bolted", rufe bargar doki bayan dokin ya tsere. Ihu bayan hari ke nan. Ka lura "bolt" a nan gudu take nufi, ga ta kuma ita ce sakata. Amurkawa "barn door" suke cewa a wannan karin maganar. A littattafan tarihi za ka ga "Open Door policy", manufar da sakataren harkokin wajen Amurka John Hay ya gabatar a 1899 cewa manyan ƙasashe su sami damar ciniki daidai wa daida a ƙasar Sin. Yau shugaban ofis ma kan ce yana da "open-door policy", wato kowa na iya shigowa ya gan shi.

Shawarata a kan waɗannan: ka koye su don ganewa tukuna. Cusa karin magana uku a jumla ɗaya shi ke tona asirin sabon shiga.

Mataki na 11: Atisaye na mako guda

Kwana biyun farko, rubuta sunayen sassa a 'yan takardu ka manna kowace a wurinta. A rana ta uku ka cire su ka gwada da ka. Daga nan, duk sanda ka bi ta wata ƙofa ka faɗi abin da hannunka ke yi, ko da a zuci: "I'm turning the handle", "I'm pulling it to", "I've locked it". Sau ashirin a yini ba zai gagara ba, tunda dama kana bi.

Kwanakin ƙarshe ka nemi abokin gwaji. Ɗaya ya tsaya waje ya ƙwanƙwasa, ɗaya ya amsa daga ciki, ku yi ta musayar wuri, kuna ƙara matsala kowane zagaye: yau mabuɗi ya ƙi juyawa, gobe an kulle mutum a waje, jibi baƙo zai tafi a raka shi. A rana ta bakwai ya karanto maka waɗannan da Hausa, kai kuma ka mayar da Turanci ba tare da duba takarda ba: wani na bakin ƙofa, ƙofar a rufe take amma ba a kulle ba, ina mabuɗin ƙofar baya, ƙwanƙwasa kafin ka shiga, bar ta da 'yar kafa, raka shi bakin ƙofa. Duk wadda ka yi jinkiri a kanta, koma matakinta ka sake yi mata kwana biyu.